Wa Ke Cinye Faten Labaran?

In ka taɓa tsayawa bakin titin Zuba da safe kana jiran motar shiga gari, to ka ga Labaran ko ba ka san shi ba. Dogo ne, siriri kamar karan dawa, hularsa kullum a karkace. Ba ya turereniya da kowa. Sai kowa ya gama cusa kansa, sannan ya leƙa ya kalli direban, in idon direban bai yi masa ba ya ja da baya ya jira wata. Shi ma direba ne. Cewa yake wanda ya san abin da sitiyari ke iya yi ba ya miƙa wa kowane yaro ransa.

Gida ɗaya muke haya, ƙofarmu na kallon tasu, shi ya sa na san abin da zan faɗa. Kuma sai da na tambayi matarsa Muhibba kafin in rubuta. Ta ce in rubuta abina, ai shi ba ya karanta komai a waya sai sunan wanda ya kira shi.

Daga wani ƙauye a bayan Malumfashi ya zo, yana saurayi. Ya fara da dakon lemo da kankana a kasuwar nan, ya koma bin wata babbar mota mai ɗauko ayaba daga kudu, a nan ya koyi tuƙi. Yanzu ya doshi hamsin, direban wata Hajiya ne a Maitama. Aikinsa kai jikokinta makaranta da ɗauko su, sai ɗan zuwa kasuwa. Yaran kuwa Baba Labaran suke ce masa. Ba shi da shago, ba shi da fili, gonar gado ma 'yan'uwa sun raba tun tuni. Mukullin motar nan shi ne gonarsa.

Wata rana da azahar, yana hanyar dawowa da yaran, sai ya ji kansa ya yi nauyi, titin ya rabu masa biyu. Allah ya taimaka ya gangara gefe ya tsaya. Babbar jikar ce ta kira kakarta. Aka kai shi asibiti, aka ɗaura masa abin awo a hannu, aka sake ɗaurawa, likita ta ce hawan jini ne.

Labaran ya kalli likita, ya kalli cikinsa. Ya ce, "Ni? Likita ki sake dubawa. Wannan ai ciwon masu tumbi ne. Ni da inuwata ma da ƙyar ake ganinta."

Ta ce ba ruwan jini da tumbi. Ta ba shi magani, ta ce a rage gishiri, a rage dunƙule, a rage mai.

Hajiya kuwa ba ta yi faɗa ba, hannu kawai ta miƙa ya ba ta mukulli. Ta ce ba korarsa ta yi ba, ya riƙa zuwa yana wanke motoci yana zama da maigadi, amma ba zai ƙara ɗaukar mata jikoki ba sai jinin ya sauka. Ta ba shi zuwa ƙarshen zangon karatu. In bai sauka ba, za ta nemi wani.

Kullum da safe sai ya sa kayansa masu guga ya fita kamar yadda ya saba. A gidanmu ba namijin da ya san ba shi ke tuƙi ba.

To, Muhibba ce ta shiga uku. Mace ce da ta yi shekara da shekaru tana girki da ido a rufe, yanzu an ce hannunta ne ciwon. Ta tambayi kukun Hajiya, ya ce salak, ganye ɗanye safe da yamma. Labaran ya ce shi ba akuya ba ne. Ta tambaya a guruf ɗin matan unguwa, wayarta ta kusa kamawa da wuta. Wannan ta ce a daina tuwo. Waccan ta ce a ci tuwo amma na alkama. Wata ta ce a haɗiye tafarnuwa kamar ƙwaya. Wata ta ce wane hawan jini, sammu ne, wani ke son aikinsa. Ku masu turo doguwar murya kan ciwon da ba ku taɓa jinya ba, Allah ya shirye ku, kun kusa haukata baiwar Allah.

Ƙarshe ta koma asibitin ta tare wata nas a baranda. Nas ɗin ta ce, "Maman Amir, abin da kika saba dafawa shi za ki dafa. Hannunki kawai za ki janye."

Ta dawo ta janye hannu. Faten tsaki da alayyafo da yakuwa, ta sa daddawa da busasshen kifi da albasa mai yawa. Wata rana wake da kabewa. Wata rana tuwon dawa miyar zogale, mai ɗan kaɗan a bakin cokali. Kanwa ma ta sallame ta. Ganye kuwa ba wuya a Zuba, in yamma ta yi masu kaya kansu neman wanda zai kwashe suke. Na ɗanɗana faten nan, kuma ba zan yi ƙarya ba, ranar farko na ji kamar an manta wani abu. Abinci ne da ba ya ihu, raɗa yake yi. Sai ka yi shiru kake jin citta da daddawar.

Yanzu sai in gaya muku yadda ake cin abincin dare a gidanmu, don a nan maganar take. Mazan gidan ciyayya suke yi. Ana idar da magariba za a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanon ɗakinsa, a haɗa a tsakiya a ci tare. Su uku ne. Labaran, sai Malam Yahuza dillalin kankana, sai Bartholomew mai walda, mutumin Kafanchan, wanda kowa ke ce wa Bato. Bato ba ya sallah, amma yakan zauna kan benci da kwanonsa a cinya har su dawo daga masallaci. Sun fi shekara goma a haka. Mata ba sa zuwa wurin. Kwano kawai suke gani ya fita cike ya dawo.

Kuma kwanon Muhibba tas yake dawowa, kamar an wanke. Ta ce alhamdulillahi, ashe ma yana so.

Aka koma awo. Jini na nan inda yake, ko motsi bai yi ba.

Nas ta ce, "Ana shan magani?" Labaran ya rantse yana sha, kuma gaskiya ne, Muhibba ke ba shi da hannunta. "Da rana me kake ci?" Ya ce ayaba da gyaɗa. "Da safe?" Koko. Nas ta juyo kan Muhibba. Muhibba ta ce wallahi gishirin da take sawa ko tururuwa ba za ta ji ba. Nas ta kalle su su biyun irin kallon da ake wa waɗanda suka haɗa baki.

Daga nan Muhibba ta fara zargin duk abin da ke numfashi da wanda ba ya yi. Ta daina sa gishirin gaba ɗaya. Ta canza tukunya. Ta daina amfani da ruwan rijiyar gidan, ta koma sayen na 'yan garuwa. Ta ƙwace masa goro. In ya dawo ya cire riga sai ta ɗauka ta shinshina, ko ya biya wurin mai tsire a tasha. Ba tsire, sai warin sabulun wanke mota. Kwano kuma bai fasa dawowa tas ba. Ta ce mini, "Ni fa na rasa gane kan abin nan. Mutum ya cinye fate lami har ya suɗe kwano, jini kuma ya ce bai san zance ba?"

Ana cikin haka, wata yamma tana yanka alayyafo a ƙofar ɗaki, sai ga Catherine matar Bato ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna.

"Maman Amir, abeg ki gaya mini gaskiya tsakani da Allah. Me kike sawa cikin gwaten nan naki?"

"Wane gwate?"

"Faten nan mana. Mutumin nan ya hana ni sakat. Kullum gwaten Maman Amir, gwaten Maman Amir, wai irin na mamansa ne a ƙauye. Har bel ɗinsa ya ƙara wa huda, tumbin ya sauka."

Muhibba ta ajiye wuƙa. "Au, ya ɗanɗana ne?"

"Ɗanɗana? Shi ke cinyewa duka! Ya ce sauran ba sa ko kallon kwanon, shi kuma ba ya son a yi asara."

"Maman Prudence, tun yaushe?"

"Tun da kika fara."

Can Catherine ta ce, a hankali, "To tsaya. In shi yana cin naki, nawa kuma wa ke cinyewa?"

Catherine dai shinkafa da miya take fitarwa, miyar nan ja wur, mai na iyo a kai. Nana Aisha matar Malam Yahuza kuwa, in ta ɗora miyar taushe har bakin titi ake sani, dunƙule ba ta ƙirgawa, ta kawo man shanu ta kwarara.

Da Labaran ya shigo da kwano, Muhibba ta tare shi. Ni na ɗauka zai musa. Ko kaɗan. Shi mamakin fushinta ma yake yi.

"To da me kike so in ci? In zauna gaban mutane in rungume kwanon ɗakina? A ce Labaran ya zo da abincinsa ya cinye abinsa? Ai naka turawa kake gaban ɗan'uwa, ka ci nasa. Haka na taso na ga ana yi."

"Baban Amir, don wa nake wannan wahalar?"

"Don ni mana. Kuma an gode. Likita ta ce a rage gishiri a gidana, an rage. Ni ban ji ta ambaci gidan Yahuza ba."

Wallahi da gaske yake, ba wasa a fuskarsa.

Ta ce to ya dawo ya riƙa ci a ɗaki. Ya ce a kan me? Mutum ba ya tashi daga tabarma sai in faɗa aka yi ko mutuwa. Ta ce to ya gaya musu ba shi da lafiya. Ya ce in ya faɗa, Yahuza zai tambayi yadda mai hawan jini ke tuƙa 'ya'yan mutane, daga nan sai maganar mukulli ta fito, gobe duk kasuwar kankana ta ji. Ya shimfiɗa abin sallarsa, magana ta ƙare.

Zangon karatu kuma ya raba tsakiya.

Muhibba ta gaya wa Catherine komai, har maganar mukulli. Catherine ta ce in dai wannan ne, daga yau ita ma ta janye hannu. Suka ɗunguma wurin Nana Aisha. Ita ba su gaya mata duka ba, don Nana Aisha mutuniyar kirki ce amma bakinta ba shi da murfi. Suka ce dai saboda lafiyar mazan, a ɗan rage.

Nana Aisha ta kalle su sama da ƙasa. "Lafiyar wa? Wa ya kwanta? Ni a garinmu da hannu aka san ni. In fitar da kwano lami ƙofar gida a ce matar Yahuza ta manta girki? A kai kasuwa." A daren ma sai da ta ƙara man shanu.

Sai abin ya ƙara lalacewa. Ku duba lissafin da kanku. Malam Yahuza ba zai ci na ɗakinsa ba, kunya. Bato na kan fatensa. Na Catherine kuma ya zama lami, Labaran ya bar wa Yahuza. Kenan kwanon Nana Aisha ya zama na Labaran shi kaɗai, daga shi sai cokalinsa. Da can tsakanin kwanon gida biyu hannunsa ke yawo, yanzu an tattara masa mafi nauyin an ajiye a gabansa. Matan nan sun yi taro sun yi shawara, sun ƙara wa mutum ciwo.

Catherine ce ta gaji ta zaunar da mijinta ta fasa masa ƙwai. Washegari da sassafe, Labaran na fita, sai ga Bato a ƙofar Muhibba, ya cire hular waldarsa ya riƙe a hannu.

"Maman Amir, ki yafe ni. Ashe maganin mutum nake ta sha ban sani ba."

Ta ce ba komai, ai ba laifinsa ba ne.

"Oga Labaran ba zai bar tabarma ba, na san shi. Kuma in na yi masa magana zai ji kunya, ya san na sani." Ya juya hular. "Kwanon Yahuza ɗin nan, ki bar shi da ni."

Catherine ba ta yarda ba sai da ta ja shi kemis aka auna shi. Aka ce jininsa lafiya lau, kamar na jariri.

Yammar nan na zauna a zaure da gangan, inda nake hango tabarma. Aka ajiye kwanuka uku. Malam Yahuza bai gama bismillah ba, Bato ya riga ya gama tasa addu'ar, ya jawo kwanon Nana Aisha gabansa ya hau. Loma kan loma, ba ɗaga kai. Hannun Labaran na sama, ya tsaya cak.

"Bato, lafiya? Biyo ka aka yi?"

"Yunwa ne, Oga Labaran. Yau ƙarfe ya ba ni wahala."

"To ai ga fatenka nan."

"Na gaji da shi."

Malam Yahuza ya shafa gemu, daɗi ya cika shi. "Ƙyale shi ya ci. Ai hannun gidana kenan, duk wanda ya ɗanɗana ba ya komawa."

Kafin Labaran ya samu loma biyu, kwano ya ga ƙasa. Ya kalli faten ɗakinsa, kunya ta hana. Ya jawo na Catherine, wake da alayyafo da ɗan kifi. Ya kai baki, ya tauna, ya dubi sama. Malam Yahuza kuma, da ba abin da ya rage masa sai fate, ya ci yana ɓata rai.

Haka aka ci gaba kullum. Labaran ya gwada zama kusa da kwanon, Bato ya fi shi tsawon hannu. Ya gwada fitowa da wuri, ya tarar Bato ya karɓi kwanon tun daga hannun Yahuza, wai yana taya shi ɗauka. Sai Labaran ya shiga nasa ruɗanin. Ya ce wa Muhibba anya dunƙulen da ake sayarwa yanzu ba jabu ba ne, don girkin Maman Prudence ma ya mutu. Washegari ya ce a'a, maganin asibiti ne ya kashe masa harshe. Wata rana ya ce ko dai gas ɗin yanzu ne ba ya dafa ɗanɗano. Muhibba ta ce Allah ya kyauta, tana kallon bango.

Ita ma fa ba wai hankalinta a kwance yake ba. Ba ta san ko abin zai yi aiki ba. An riga an yi mata haka sau ɗaya, kwano ya dawo tas ta yi murna a banza. Yanzu ko kwano ya dawo ba ta yarda da shi, sai ta leƙa ta tambayi Catherine, Catherine ta tambayi Bato, Bato na kwance yana shan ruwa kamar raƙumi ya ce a gaya mata aiki na tafiya.

Abu ɗaya ne ya ɗan ba ta ƙarfi. Wata rana Bato ya makara a wurin aiki, Labaran ya samu kwanon Nana Aisha shi kaɗai. Muhibba ta ji kamar ta yi kuka. Sai ga shi ya shigo yana neman ruwa, yana cewa, "Matar Yahuza hannunta ya fara nauyi fa. Gishirin nan kamar da gayya." Bai ma cinye ba.

Ana saura kaɗan a yi hutu suka koma asibiti. Nas ta ɗaura, ta duba, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Ta ce jinin ya sauka. Ba wai ya warke ba, magani ba fashi, awo ba fashi, amma ya sauka inda ake so. Ta rubuta wa Hajiya. Ranar da yamma mun ji shigowar Labaran tun daga zaure, don kaɗa mukullin yake a yatsa kamar ƙararrawa.

Ya zauna bakin gado ya ce, "Kin gani ko? Na gaya miki ba abinci ba ne. Ina nan ina ciyayyata ban fasa ba, jini ya sauka don kansa."

Muhibba ta kalli mukullin. Ta ce, "Haka ne, Baban Amir."

"Wanda nake tausayi Bato ne. Haɗama ta kama bawan Allahn nan. Kin ga tumbinsa kuwa? Ya dawo har ya fi da."

Wannan kam gaskiya ne. Hudar da ya ƙara wa bel ta zama tarihi. Catherine ta fara ƙorafi, ta ce ita fa aron miji ta bayar ba kyauta ba, kuma duk wata sai ta ja shi kemis. An sake aika wa Nana Aisha magana, ta ce har yanzu ba ta ga wanda ya kwanta ba. Muhibba dai yanzu kwano biyu take zubawa, babba na tabarma, ƙarami ta miƙa wa Catherine ta taga, don Bato ya samu na karyawa da safe. Har yaushe za a yi haka, ba wadda ta sani cikinsu. Na tambaya, kowacce ta ce in tambayi ɗayar.

Jiya ina zaure aka ajiye kwanuka. Labaran ya gyara zama, ya sa muryar manya.

"Bato, ni fa na ga asibiti, na san abin da nake faɗa. Ka rage gishirin nan. Ka rage mai. Ga fate, ci wannan, shi ne lafiya."

Ya tura masa kwanon har gabansa. Tururi na tashi, ƙanshin daddawa da yakuwa ya cika wurin. Bato ya kalli faten nan kamar wanda ya hango garinsu daga cikin mota. Ya kalli hannun Labaran, wanda tuni ya fara lallaɓawa wajen kwanon Nana Aisha.

Ya haɗiye yawu ya ce, "Gobe, Oga Labaran." Ya riga shi kai hannu.